HASKE A CIKIN TANDU: YADDA AKE KOYA WA KWAMFUTA ZANA ABIN DA HASKE KE RATSAWA

Jawabin da wani ɗalibi ya gabatar a madadin abokan karatunsa, a mazaunin jami'a na dindindin da ke ƙasar Wamakko

 Mu ɗalibai ne masu neman sani, saboda haka inda muka yi tuntuɓe muna roƙon malamai su tashe mu.

Kafin mu shiga cikin magana, muna so kowa ya tuna wani wasa da muka yi muna yara. Idan dare ya yi aka bar mu da tocila, mukan kife yatsu a kan bakinta, sai mu ga sun yi ja wur kamar garwashi. Hasken tocila fari ne, fatar bayan hannunmu baƙa ce, to daga ina jan nan ya fito? Wannan tambaya ta yara ita ce kan maganarmu ta yau, domin sai da masana suka shafe fiye da shekara ashirin suna fama kafin su iya sa na'ura mai ƙwaƙwalwa, watau kwamfuta, ta zana jan nan yadda ido zai yarda da shi.

Haka nan duk wanda ya taɓa ɗaga tandu ya sa shi tsakaninsa da rana, ya ga irin wannan abu. Masu sana'ar tandu kan liƙa jiƙaƙƙiyar fata a jikin ƙirar yumɓu, in ta bushe su fasa yumɓun su zazzage, sai a sami mazubin mai ko na kwalli. Ba a hango abin da ke bayan tandu kamar yadda ake hangowa ta gilashi, amma haske yana ratsa shi, har mutum ya ga iyakar inda mai ya tsaya a ciki. Kilishi ma in aka shanya shi a rana haka yake yi, haka kunnen akuya da hantsi, haka zoɓo a cikin leda. Ke nan abubuwa iri uku ne. Akwai garai-garai kamar gilashi da ruwa mai tsabta, akwai mai tare haske ɗungum kamar bulon siminti, akwai kuma na tsakiya, wanda za mu kira shara-shara. Wannan na ukun shi ya fi ba masu zanen kwamfuta wahala, kuma a cikinsa jikin ɗan Adam yake.

JAMI'ARMU DA BUTAR SHAYI

An kafa wannan jami'a tamu a 1975 da sunan Jami'ar Sakkwato, aka fara karatu a 1977, aka kuma sake mata suna zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 1988. A cikin shekarar nan ta 1975, a Jami'ar Yuta ta ƙasar Amurka, wani ɗalibi ɗan Ingila mai suna Martin Newell ya ɗauki butar shayin gidansa ya auna ta, ya shigar da awon cikin kwamfuta, har yau kuma masu wannan fanni suna gwada sababbin dabarunsu a jikin butar nan. A shekarar dai aka buga aikin Bui Tuong Phong, ɗan ƙasar Biyetnam, wanda ya nuna yadda za a lissafa ƙyallin da ke fitowa a jikin abu mai santsi, ya kuwa rasu a cikinta yana da shekara 32. Ashe jami'armu sa'ar butar nan ce. Ya kamata mu dubi nisan da suka yi a cikin waɗannan shekaru, mu kuma dubi inda mu muke.

A 1980 Turner Whitted ya fito da hanyar bin sawun haske, ya zana ƙwallon gilashi wanda ake hango abin da ke bayansa a karkace. Hoto guda ɗaya ya ci wa kwamfutarsa minti 74. A 1982 kamfanin Disney ya fitar da fim ɗin Tron, wanda mutanen cikinsa ke sanye da tufafi masu walƙiya. Jama'a da yawa sun ɗauka kwamfuta ce ta yi walƙiyar, alhali kuwa da hannu aka yi ta, ana ɗaukar hoton fim ɗin falle-falle da fitila a bayansa. A 1986 James Kajiya ya tattara dukkan tafiyar haske cikin jimlar lissafi guda. A 1995 kamfanin Pixar ya fitar da Toy Story, dogon fim na farko da aka ƙera gaba ɗaya da kwamfuta. Ku lura, taurarinsa kayan wasan yara ne, yawancinsu na roba, domin roba ita ce abin da kwamfutar lokacin ta iya zanawa da kyau. Mutanen da suka fito a cikinsa su ma kamar na roba suke.

Sai a 2001 Henrik Wann Jensen da Stephen Marschner da Marc Levoy da Pat Hanrahan na Jami'ar Stanford suka fito da hanya mai sauƙi ta lissafa yawon da haske ke yi a ƙarƙashin fata. Sun auna abubuwa irin su madara da marmara da dankali da naman kaza da fatar mutum. Da irin wannan dabara aka zana fatar dodon nan Gollum a fim na biyu na The Lord of the Rings a 2002, a 2004 kuma masu ba da kyautar Oska suka karrama uku daga cikinsu saboda wannan aiki. Wasan tocilar da muka yi muna yara shi ne ya kai su ga lambar girma.

Kada wani ya ce wannan ilmi baƙo ne gare mu tun daga tushe. A shekarar 984, a birnin Bagadaza, Ibn Sahl ya rubuta ƙa'idar karyewar haske, fiye da shekara 600 kafin Snell na ƙasar Holan ya sake gano ta a 1621. Tsakanin 1011 da 1021, a Alƙahira, Ibn al-Haisam ya rubuta Kitab al-Manazir, inda ya kafa hujja cewa haske ne ke tasowa daga abubuwa ya shiga ido, saɓanin masu cewa ido ne ke harba haske. Abin dariya shi ne, kwamfuta takan bi hanyar nan a juye: daga ido take farawa, ta bi sawu baya har ta kai ga fitila, domin kada ta ɓata aiki a kan hasken da ba zai taɓa shiga ido ba. A nan Sakkwato kuwa, lokacin da Baturen nan Clapperton ya dawo a 1826, cikin tsarabar da ya kawo wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello har da littafin Uƙlidis na lissafin siffofi da Larabci. Sarkin Musulmi ya yi murna ƙwarai, ya kuma shaida masa cewa gidansu na da wannan littafi a da, gobara ce ta cinye shi. Lissafin layi da kusurwa da ke cikin littafin nan shi ne har yau kwamfuta ke bin haske da shi.

YADDA KWAMFUTA KE GANIN HOTO

Hoton da ke fuskar kwamfuta ɗige-ɗige ne jere, kamar saƙar tabarma. Hoto mai faɗin ɗigo 1,920 da tsawon 1,080 yana da ɗigo 2,073,600, kowane ɗigo kuma haɗin launi uku ne, ja da kore da shuɗi. Aikin kwamfuta duka shi ne ta amsa tambaya ɗaya sau miliyan biyu: wane haske ne zai iso ido ta wannan ɗigo? Kafin ta amsa, sai mai zane ya ba ta abu uku. Na farko siffa, watau ƙirar abin. Na biyu sutura, watau bayanin yadda jikin abin ke karɓar haske. Na uku fitilu, inda suke da ƙarfinsu da launinsu. Bayan nan sai ta shiga lissafi, wanda za mu kira wankin hoto, kamar yadda masu ɗaukar hoto na da ke shiga ɗakin duhu.

To, idan haske ya faɗa a jikin abu, ɗayan hanya huɗu yake bi, sutura kuwa ba komai ba ce illa rabon hasken tsakanin waɗannan hanyoyi.

Hanya ta farko ita ce ya dawo daga sama-sama, shi ne ƙyalli. Wanda ya tsaya a gadar Kwalkwalawa ya dubi gulbin Rima ƙasa sak, launin ruwan zai gani. In ya ɗaga kai ya hangi nesa, sai ya ga ruwan ya zama madubi, sararin sama ne a cikinsa. Dalili kuwa, ruwa na mayar da kashi 2 cikin 100 kawai na hasken da ya faɗo masa a tsaye, gilashi kashi 4, amma gwargwadon kwanciyar hasken gwargwadon yawan abin da ke dawowa. Masana suna jingina wannan ƙa'ida ga Fresnel, Bafaranshe. Duk gilashin da aka zana ba tare da ita ba, ido zai ƙi shi ko da mai idon bai san dalili ba.

Hanya ta biyu ita ce ya ratsa, amma sai ya karye a bakin shiga da bakin fita. Shi ya sa gorar mai tuƙa kwalekwale ke zama kamar ta karye a inda ta shiga ruwa. Kowane abu yana da adadin karyarsa: iska 1, ruwa 1.33, gilashi wajen 1.5, lu'ulu'u 2.42. Waɗannan adadai mai zane yakan rubuta su ne kai tsaye a cikin suturar.

Hanya ta uku ita ce abin ya shanye hasken sannu a hankali. A ce kaurin zoɓo na santimita ɗaya yana shanye rabin koren haske, to santimita biyu zai bar rubu'i, uku zai bar sumuni, alhali jan haske yana wucewa da kaɗan aka rage masa. Wannan ne ya sa zoɓo ke yin ja mai haske a gefen kofi inda ba shi da kauri, ya yi duhu a tsakiya. Launin zoɓo yana cikin kaurinsa.

Hanya ta huɗu ita ce ya shiga ya yi ta karo da ƙananan abubuwa yana warwatsuwa, har ya ɓullo ta wani wuri dabam da inda ya shiga. Bambancin nono da ruwa ke nan. Ga kuma amsar tambayarmu ta farko: a cikin yatsa, jini da launin fata suna shanye shuɗi da kore tun ba su yi nisa ba, ja ne kaɗai ke da dogon numfashi har ya fita ta ɗaya gefen. Shi ya sa a manhajar Blender, awon da ake tarar da shi na nisan wannan yawo shi ne 1 ga ja, 0.2 ga kore, 0.1 ga shuɗi.

Wannan warwatsuwa tana faruwa a iska ma. Ƙurar da ke kawo mana hazo lokacin hunturu, mai yawa daga cikinta tana tasowa ne daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Wanda ya biyo hanyar jami'a da magariba a cikin hazo zai ga fitilar mota ta yi tsini kamar mashi, zai kuma iya duban rana da ido ta zama kamar farin faifai. A kwamfuta ana samun wannan ne ta cika sararin da ƙura ta lissafi, a faɗa mata yawanta da kuma cewa ta fi tura haske gaba.

RAWANIN HASKE

Saura batun abin da ke ba da haske da kansa, kamar harshen aci-bal-bal ko fitilar ƙwai. A nan akwai wata matsala. Fuskar kwamfuta ba ta iya wuce fari, farin takarda da farin harshen wuta duk ɗaya ne gare ta. To yaya ake sa mai kallo ya ji cewa ɗayan yana ƙuna? Da dabara uku ake yi.

Ta farko, a bar duhu a kewaye, domin ba a sanin darajar fitila da rana tsaka. Ta biyu, a tabbatar hasken ya sauka a kan abin da ke kusa, bango da tabarma da fuskar mai zaune, yana kuma raguwa bisa ƙa'ida: in nisa ya ninka biyu, ƙarfi ya koma rubu'i. Ta uku, a naɗa wa fitilar abin da za mu kira rawanin haske, watau ɗan dishi-dishin nan da ke kewaye da kowace fitila da dare. Rawanin nan ba a jikin fitilar yake ba, a cikin idonmu da gilashin kyamara yake faruwa, saboda haske mai ƙarfi yana ɗan warwatsuwa a cikinsu. Saboda haka bayan an gama wankin hoto ake ƙara shi: a zaɓi ɗigon da suka wuce wani ƙarfi, a baza su, a mayar a kan hoton. Masu aiki da Blender su lura, tun fitowarta mai lamba 4.2 a 2024 an cire maɓallin da ke yin wannan kai tsaye, yanzu a sashen haɗa hoto ake yin sa. Tsakiyar harshen wuta kuma kusan fari ake barin ta, launin rawaya da ja a gefe da cikin rawanin suke zama.

ABIN DA HANNUNMU YA KOYA MANA

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Mu huɗu muka haɗu a kan kwamfutar hannu guda, muka ce za mu zana kofin gilashi cike da zoɓo. A gwajin farko muka shafa wa abin jan launi muka rage masa duhu, sai ya fito kamar jar leda. A na biyu muka ba gilashin kauri, muka ba ruwan adadinsa na 1.33, muka sa launin a cikin kaurinsa, sai ya fito baƙi ƙirin kamar tawada. Kwana biyu muna zargin kwamfutar, ashe laifinmu ne ta fuska biyu. Mun taƙaita yawan karon da aka yarda haske ya yi, alhali kafin ya ratsa kofin ya fita sai ya ƙetare bango huɗu aƙalla. Kuma mun dasa fitilar a gaban kofin. Da muka ƙara yawan karon, muka mayar da fitilar baya ta ɗan gefe, nan take zoɓon ya kama da wuta, har ja ya zubo a kan teburin. Ɗayanmu ya ce da mun tuna yadda muke ɗaga leda sama mu duba kafin mu saya, da ba mu sha wannan wahala ba.

Daga nan muka riƙe abu huɗu. Na ɗaya, abu shara-shara daga baya ake haska shi. Na biyu, girma na gaskiya wajibi ne: da muka zana tandu muka manta muka bar shi da tsawon mita biyu, haske ya kasa ratsa shi, domin a fata yawon haske da milimita ake auna shi. Na uku, komai yana so a rage: rawanin haske gishiri ne, in ya yi yawa miya ta ɓaci, haka yawon ƙarƙashin fata in ya yi yawa sai mutum ya koma kyandir. Na huɗu, a yi lissafin lokaci tun da wuri. Fim yana cin hoto 24 a kowace daƙiƙa, watau 1,440 a minti ɗaya. In kowane hoto yana ɗaukar minti 5, to minti ɗaya na fim zai ci awa 120, kwana biyar cur ba dare ba rana. Mu kam wuta ta ɗauke mana a dare na biyu, aikin ya lalace, domin mun sa kwamfutar ta haɗa shi dunƙule guda. Tun daga ranar muke ajiye kowane hoto shi kaɗai, in wuta ta dawo mu ci gaba daga inda aka tsaya.

FATAR WA AKA AUNA?

Malam Shugaba, yanzu mun iso ga abin da ya sa muka ce wannan magana ta shafi kowa a ɗakin nan. Da muka gama da kofi, sai muka zana fuskar wani dattijo irin na ƙauyukanmu, muka bi umarnin da ake koyarwa a intanet tiryan-tiryan. Abin da ya fito ba dattijonmu ba ne, Bature ne aka shafa wa shuni. Fuskar ta yi toka-toka, babu rai a cikinta.

Dalilin yana cikin abin da muka riga muka bayyana. A farar fata haske mai yawa yana shiga ya yi yawo ya dawo, shi ke ba ta wannan shara-sharar. A baƙar fata sinadarin launi da ake kira melanin yana shanye mafi yawan hasken tun a saman fata, saboda haka abin da ke fito da siffar fuskar baƙin mutum shi ne ƙyallin sama, a goshi da kumatu da karan hanci, yawon ƙarƙashi kuwa ya fi bayyana a tafin hannu da kunne da leɓe. Wanda ya ɗauki suturar da aka ɗinka wa farar fata ya rage mata haske kawai, ya zubar da abin da ya fi muhimmanci. Kuma ƙara ƙarfin fitila ba ya gyara wannan. Abin da ke gyarawa shi ne fitila mai faɗi da taushi, a dasa ta inda fatar za ta ɗauko ƙyallinta, kamar yadda fuska ke kyau a inuwar zaure idan farin bango na fuskantarta.

Ba mu muka fara lura da wannan ba. A 2020 Farfesa Theodore Kim na Jami'ar Yale, wanda ya yi aiki a Pixar, ya rubuta cewa binciken wannan fanni ya daɗe yana ɗaukar farar fata a matsayin ita ce fatar ɗan Adam. A wannan shekarar aka fitar da fim ɗin Soul, wanda tauraronsa baƙin mutum ne, masu shirya shi kuwa sun nemi shawarar mai ɗaukar hoto Bradford Young a kan haska baƙar fata. Tun kafin zuwan kwamfuta ma an yi haka. Daga shekarun 1950 kamfanin Kodak ya riƙa raba wa masu wankin hoto wani kati mai hoton Baturiya don su daidaita launi da shi, kuma binciken Lorna Roth ta Jami'ar Concordia a Kanada ya nuna cewa cikin abin da ya sa aka gyara fim ɗin har da ƙorafin masu sayar da kayan katako da cakulan, waɗanda hajarsu ba ta fita da kyau. Iyayenmu da suka ɗauki hoton makaranta aka ga haƙora da idanu kawai, abin da ya same su ke nan. In muka zauna, jikokinmu za su gaji irin wannan a sabuwar riga.

INA RUWANMU?

Mun san akwai mai cewa a zuci, ƙasar da ke fama da ruwan sha da wutar lantarki, ina ita ina zanen zoɓo? Tambaya ce mai nauyi, ga kuma amsarmu. Ɗalibin likita da ke son ganin yadda jijiya ke bi a ƙarƙashin fata, da ɗalibin likitan dabbobi, da malamin gona da ke nuna wa manomin fadama yadda tsutsa ke cin albasa daga ciki, da magini da ke son sanin inda rana za ta faɗa a cikin aji kafin a aza tubali, duk wannan ilmi ne ke yi musu aiki. Yayyenmu ma'aikata sun fi mu sanin cewa idan ma'aikata na son hoton faɗakarwa, sau da yawa na wata ƙasa ake ɗaukowa, da fuskokin da mutanen karkara ba su ga kansu a ciki. Ga kuma fina-finan Hausa, waɗanda suka faro da Turmin Danya a Kano a 1990. Sau nawa muka ga an liƙa wa boka wuta a tafin hannu, amma fuskarsa da bangon ɗakin ba su san da wutar ba, har abin tsoro ya koma abin dariya? Dabara ta biyu da muka ambata ita kaɗai ta isa ta gyara wannan. Daɗin daɗawa, wanda ya san halin haske ya fi saurin gane hoton ƙarya idan an turo masa a waya.

Batun tsada kuwa ya ragu ƙwarai. Manhajar Blender, wadda Ton Roosendaal na Holan ya ƙirƙira, kyauta ce tun 2002. Da ita aka yi fim ɗin Flow na ƙasar Latbiya, ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan biyu ba, ya kuma ci kyautar Oska a watan Maris na 2025, ya kayar da manyan kamfanonin Amurka. A 2024 kamfanin Kugali, wanda matasan Nijeriya da Yuganda suka kafa, ya haɗa hannu da Disney suka fitar da Iwájú, labarin da aka gina a kan birnin Legas. Jihar Sakkwato ita kaɗai ta fi Latbiya yawan jama'a nesa ba kusa ba.

Saboda haka muna kawo shawara uku. Ta farko, ga 'yan'uwa ɗalibai: mu auna kayanmu da kanmu. Tandu da kilishi da zuma da manja da nono, da jar fatar akuyar Sakkwato wadda aka daɗe ana sayarwa a Turai da sunan fatar Maroko, da ƙyallin rini bugagge, da hazon watan Janairu, da launukan fatar mutanenmu, a yi wa kowanne sutura a ajiye kyauta ga mai so. Farkon wannan aiki ba ya bukatar fiye da ɗaki mai duhu da tocila da ma'auni da kyamarar waya. Masu karatun kimiyyar haske su yi awo, masu lissafi da masu kwamfuta su rubuta, masu nazarin Hausa kuma su tace mana kalmomi, domin waɗanda muka yi amfani da su yau, sutura da wankin hoto da rawanin haske, na wucin gadi ne, muna jiran waɗanda suka fi su. Ta biyu, ga shugabannin ƙungiyarmu: a nema mana ɗaki guda mai wutar hasken rana, inda kwamfuta za ta kwana tana aiki. Ta uku, ga yayyenmu ma'aikata: idan aikin zane ya taso a ofisoshinku, ku fara tambaya a gida, ku ba mu ƙarami ku gani, in mun kasa ku faɗa mana inda muka kasa.

Rashin sani ya fi dare duhu, in ji masu iya magana. Yau da dare, in an ɗauke wuta a ɗakunan kwana, muna roƙon kowa ya kife yatsunsa a kan fitilar wayarsa, ya dubi jan nan da kyau, gobe ya zo ya faɗa mana abin da ya gani wanda mu ba mu gani ba.

Malam Shugaba, a nan za mu dakata.